Wanda Zai Tura wa Baffanki Keke

Jalingo,
Laraba, bayan la'asar.

Assalamu alaikum, 'yar Goggo.

Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiya da kwanciyar rai, ya sa jikinki ya karɓi ruwan Yola da zafinta, ya haɗa ki da abokan ɗaki masu tsoronsa. Mutanen gida duk suna gaishe ki. Labarinsu ba shi ya sa na ɗauki biro ba, in kin zo hutu kya ji.

Kada ki yi mamakin ganin rubutuna. Shekara da shekaru muna ci a tukunya ɗaya, amma duk ranar da na buɗe baki zan faɗa miki magana mai nauyi, sai in ji kaina ina tambayarki ko kin rufe kaji. Takarda ba ta da idon da za ta kalle ni, shi ya sa na zaɓe ta.

Ga akwatinki nan na ba direban da ya kai ki. Ranar da za ki tafi makarantar koyon aikin jinyar nan, na ga kin ɗauki 'yar jaka kawai, kin tura akwatin ƙarfe can ƙarƙashin gado. Har littattafan soyayyarki kika bari, ke da ko Iware za mu je gaida mahaifiyata Dada sai kin ɓoye ɗaya a cikin mayafi. Bayan motarku ta tashi Goggonki ta faɗa mini sauran. Wai kin ce leƙa makarantar kawai za ki yi don kada ran Baffanki ya ɓaci, in wata ya ƙare ki dawo ki ce karatun ya fi ƙarfinki, dalilinki kuwa babu wanda zai tura masa keke a hanyar lambu. Ta ce in rufa mata asiri. To ga shi ban rufa ba, sai ku sasanta tsakaninku.

Ina son ganinki fiye da yadda kike zato. Amma da hutu nake son ganinki, ba da jaka a hannu da ƙarya a baki ba.

Bari in fara da kaina, don abin da kike shirin yi ni na riga ki yinsa. Ina makarantar 'yan mata ta kwana, ban ma kai shekarunki ba, wani ɗan garinmu ya zo ya ce Dada na kwance a Iware. Ban nemi izinin kowa ba, na ɗaure kayana a ɗankwali na hau motar doya. Duk hanya ina kuka ina lissafin wa zai tatsi shanu, wa zai dafa, wa zai ɗebo ruwa. Na iske ta a kwance kuwa da gaske. Amma kafin a yanke gero ta miƙe, kuma abin da ta fara yi da ƙarfinta ya dawo shi ne faɗa. Ta tambaye ni wa ya aika a kira ni. Ta ce gidan cike yake da hannuwa, nawa ne kawai nake gani. Daga nan kunya ta hana ni komawa in tsaya gaban malama in ce gudu na yi. Yau gobe, yau gobe, har aka ba wata gadona. Dada kuwa kin dai san ta, har yanzu da ƙafarta take zuwa kasuwa da ƙwaryar nono a ka, tana tauna naman da ni nake ajiyewa gefe.

Ban yi nadamar rayuwata ba, Allah ya ba ni Baffanki ya ba ni ku. Amma duk lokacin da na je asibiti na ga wata sa'ata da farin kaya tana duba kati, sai na ɗan kau da kai. Tausayi abu ne mai kyau, kuma kin gaje shi. Sai dai yana sa mutum ya ɗauka in ba shi ba, babu kowa. Kafin ki ajiye karatunki saboda wani, ki tsaya ki duba sauran hannuwan da ke gidan. Ki kuma tambayi shi wanda kike tausayin, ko yana so.

Kuskurena na biyu kina wurin aka yi shi. Kin tuna yadda na yi da aka buɗe hanyar nan ta lambun shaƙatawa? Tun da garin nan ya zama babban birnin jiha muke ganin sababbin abubuwa, ofisoshi, baƙin ma'aikata, 'yan acaɓa ko'ina, amma babu wanda ya ba mu dariya kamar ita. A wani gidan suna a Abbare mun kusa shiɗewa. Hajiya Kulu ce ta ɗauko zancen, ta ce gwamnati ta zuba jan burji ta yi hanyar da ba ta zuwa gona, ba ta zuwa kasuwa, ta fita daga ƙofar lambu ta zagaye gindin dutse ta dawo inda ta taso. An ma jera fararen duwatsu a tsakiya, gefe na masu keke, gefe na masu ƙafa, kamar wasu motoci. Ni kuma na ɗora nawa, na ce mai hankali ba ya tafiya in ba aikensa aka yi ba. Da kika ce 'yan ajinku za su je gani, na hana ki, na ce wurin ƙatti ne masu gudu da gajeren wando babu mai korarsu.

Ba a daɗe ba hawan jini ya kayar da Baffanki, ɓarinsa na hagu ya yi nauyi, likita ya ce maganinsa tafiya kullum. Kin san abin da muka sha. Sanda ya ce ba zai riƙe ba. Titi ya ce ba zai bi ba, don mutumin da ya koyar da rabin samarin unguwar nan ba zai iya jure kowane mai shago ya miƙe yana masa sannu da jiki ba. Ya zauna a zaure yana kumbura, ni kuma ina ta dafa masa abin da likita ya hana don in ga ya yi murmushi. Ke ce kika fito da tsohon kekensa daga ɗakin ajiya, kika wanke shi, kika kai aka yi masa faci. Kika bi da shi ta bayan gida zuwa lambu, ke kina riƙe da kan keken kina turawa, shi ya ɗora hannun dama a kan sirdi. Duk wanda ya gan ku sai ya ɗauka uba ne yake koya wa 'yarsa keke. Ban faɗa miki ba, amma ranar da na gane dabarar nan sai da na shiga ɗaki na yi sujada. Hanyar da na yi wa dariya ita ta dawo mini da mijina yana cin tuwo da hannunsa, yana kiranki direbansa.

Don haka a Yola za ki ga abubuwan da ba a yi a gidanmu. Za ki zauna da 'yan Mumuye da Jukun da Bachama da waɗanda ko sunan garinsu ba ki taɓa ji ba, kowa da irin abincinta da irin gaisuwarta. In dai ba saɓon Allah ba ne, kada ki yi saurin dariya don wasu suna yi. Ki riƙe bakinki har ƙafarki ta taka wurin.

Yanzu ga wanda ya fi mini wuyar rubutawa, don haka ki karanta ke kaɗai. Littattafan nan naki na karanta su. In kin tafi islamiyya nakan zaro ɗaya daga ƙarƙashin katifa in mayar kafin ki dawo, shi ya sa wani lokaci kike samun tabon manja a shafi kina zargin ƙannenki. Ban ga laifinki ba, daɗi gare su. Amma samarin ciki sun cika magana, mutum ya tsaya a ƙofar gida ya yi shafi guda yana yabon ido. Baffanki bai taɓa yi mini ko layi ɗaya ba.

Abin da ya yi shi ne wannan. Muna sabon aure aka tura shi koyarwa Lau, ya sayi keken nan sabo fil, yana ƙyalli. Wata yamma ya tsaya a ƙofar gida yana kaɗa ƙararrawa, ya ce in fito ya kai ni in ga kogin Binuwai lokacin da rana take faɗawa cikin ruwa. Ni kuwa ina bayan ƙyaure na toshe baki da zani ina dariya, amma ƙafata ta ƙi. Me matan gari za su ce, amarya a bayan keke? Ya sake tambaya wata rana, ya sake, har ya daina. Bai yi fushi ba, dainawa kawai ya yi. Tun daga nan duk inda za mu, yana gaba ina baya kamar yadda na ga Dada tana yi. Na san ƙeyarsa da ɗinkin bayan hularsa fiye da yadda na san gefen fuskarsa. Muka bar Lau ban ga faɗuwar ranar nan ba. Matan da na ji tsoron bakinsu kuwa, yau ko sunan ɗaya ban tuna ba.

Ba cewa nake ki je ki tsaya da samari ba, kin ji ko, karatu aka tura ki. Amma in lokaci ya yi, Allah ya kawo mutumin kirki ta ƙofar gida, kada ki auna shi da na littafi. Wani ƙararrawar keke ce kawai maganarsa. In kuma ya zama halalinki ya kira ki ganin wani abu mai kyau, ki sa takalmi ki fita.

To, ga abin da ya faru bayan tafiyarki. Washegari da safe Baffanki ya yi wanka ya sa farar rigarsa, ya zauna a bencin zaure kusa da keken. Ƙannenki suka wuce shi suka tafi makaranta. Bai kira kowa ba, har rana ta yi zafi ya koma ɗaki. Kwana biyu ina leƙensa daga madafa yana haka, kunun ma rabi yake sha. Ni kuma ina ta ce wa kaina matar aure da 'ya'ya, a gan ta da keke a waje, kafaɗa da kafaɗa da mijinta? Sai wata safiya na ga ya miƙa hannu ya share ƙurar sirdi da bakin rigarsa. Ban san lokacin da na yafa mayafi na je na kama kan keken ba.

Ya ɗago ya dube ni. "Ina za ki da keken mutane?"

Na ce lambu. Na ce in yana da aike a can, ya taso.

Kada ki so ki ga yadda muka yi. Na tsaya ta gefen da ba shi ba, sai da ya zagaya da ni. Feda ta dinga dukan ƙwaurina. Kafin mu kai ƙofar lambu bakin zanina ya shiga sarƙa, na durƙusa ina ja, shi yana tsaye ya dafa bango yana ba ni umarni kamar ina aji. Da muka hau jan burjin sai na kama sauri irin na zuwa kasuwa, ya ce wa yake jiranmu? Na rage. Can kuma sai ƙafata ta koma halinta, na fara ja baya don in ba shi gaba, keken ya karkace ya kusa kai mu cikin ciyawa. A nan na gane abin da ba ki faɗa mini ba: mai tura keke ba ta da damar bin baya. Dole ki tsaya a gefensa, har ma ki ɗan fi shi gaba, ki ji nauyinsa yana zuwa miki ta cikin ƙarfe. In ya gaji keken yakan yi nauyi tun kafin ya faɗa. In ƙafar hagun ta ja, sai kan keken ya ɗan girgiza a hannunki. Rabona da in san halin da jikinsa yake ciki haka, na manta.

Ba ki kuma faɗa mini wurin yana da kyau haka ba. Ko kin faɗa ban saurara ba. Ciyawar kaka ta yi tsayi har kafaɗa, raɓa a kanta. Giginyun nan da ke bakin rafi, da ɗorawar da hanya ta bi ta ƙarƙashinta, da tsuntsayen nan masu jan wuya da suke tashi gaba ɗaya in mai keke ya wuce. Wasu 'yan bautar ƙasa suka wuce mu a guje suna gaishe mu da Hausarsu ta koyo. Ba wanda ya tsaya kallona. Na daɗe ina tsoron idon da bai ma san ina yi ba.

Mutum ɗaya ce ta tsaya. A kan gadar katakon nan muka yi kiciɓis da wata mata da mayafi har ƙasa da takalmin kambas na ɗanta, tana haki tana kaɗa hannu. Hajiya Kulu. Ashe ciwon suga ya sa likita ya turo ta, ta daɗe tana zuwa a ɓoye. Ta gaida Baffanki, ta dubi keken, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ashe ke ma an aike ki?"

Na ce e, irin aiken da aka yi mata. Muka yi dariya har sai da Baffanki ya ce gadar ba ta ɗaukar nauyin gulma, mu wuce.

Mun kai bencin simintin nan na kan tudu, inda ake hango rufin kwanon gari da gonakin doya. Ya zauna ya daɗe yana mayar da numfashi. Ni na tsaya riƙe da keke don ban san ko in zauna ba, sai ya matsa ya bar mini wuri. A nan ya faɗa mini ya ga akwatinki a ƙarƙashin gado tun ranar, ya kuma san ma'anarsa. Ya ce bai koyar da 'ya'yan mutane duk shekarun nan don tasa ta dawo ta zama sandarsa ba. Sannan ya faɗi abin da ya ce in rubuto miki yadda ya faɗe shi, ban ƙara ban rage ba:

"In ta dawo saboda ni, na daina tafiyar. In ta zauna ta yi karatu, kullum sai na zo bencin nan."

Kin san shi in ya faɗi abu. Yanzu ƙafarsa tana hannunki fiye da lokacin da kike nan.

A gangarowa na matse birki da ƙarfi har ƙirjinsa ya bugi kafaɗata. Na tsorata, shi kuwa dariya yake. Ya ce sabon direban nan bai iya birki ba amma zai riƙe shi haka nan, tsohon ya samu ƙarin girma. Da muka zo ƙarƙashin ɗorawa, babu kowa gaba babu kowa baya, sai ya saki sirdi ya miƙo hannu ta gabana ya kaɗa ƙararrawa. Ta yi tsatsa, da ƙyar ta yi ƙara. Ya ce ashe duk shekarun nan jira nake gwamnati ta yi mini hanya. Mayafi na ja na rufe fuska, keken ya sake karkacewa. Tun ranar ba mu fasa ba. Ƙwaurina duk tabo ne, amma yanzu ina ɗaure zani sama kaɗan, kuma na iya gangara.

Saura ɗaya in ajiye biro, an kusa kiran magariba.

Ke ce ta fari, kin san al'adarmu. Ban taɓa kiran sunanki ba, ban goya ki gaban mutane ba, da aka yaye ki Goggonki ta ɗauke ki zuwa Abbare sai da kika isa makaranta kika dawo. Haka aka yi mini, haka na yi. Akwai ranar bikin wani ƙanen Baffanki, kina 'yar ƙarama, kika faɗi kika fasa gwiwa. Tsakar gida cike da dangin miji, amma kika ratsa su duka kika nufo ni da hannu a sama. Na kama kafaɗunki na juya ki wajen Goggo. Tsofaffi suka yaba, suka ce yarinyar nan akwai kunya. Na zagaya bayan rumbu na yi kukana na wanke fuska. Ke kuma daga ranar ba ki sake nufo ni da ciwo ba, ko da kika girma. Shi ya sa maganar dawowarki ma a bakin Goggo na ji ta.

Ba zan ce miki al'adar banza ce ba, a cikinta na girma kuma ta koya mini riƙe kaina. Laifina shi ne ban nemi wani lungu da babu ido na rungume ki a can ba, alhali lungunan suna da yawa. Kin ɗauko kunyata duka, na gani. To aikin da kika je koya na taɓa mutane ne, da tambayarsu inda yake musu ciwo. In ba ki gane karatu ba ki ɗaga hannu ki tambaya ko muryarki tana rawa. In ba ki da lafiya ki faɗa. In kewa ta dame ki ki rubuto, kuma ni za ki rubuto wa, Goggo ta ji a bakina wannan karon.

A cikin akwatin akwai man shanu daga Dada, da yaji, da zannuwanki masu kyau da kika bari. Littattafanki suna ƙasa, sai bayan jarrabawa. Na riƙe ɗaya, ban gama ba.

Takardar makarantarku ta ce kowane akwati sai da sunan mai shi, don haka jiya na kira mai fentin nan da yake rubutu a jikin motoci. Ya zo Baffanki yana masallaci, Goggo ba ta nan, yara suna islamiyya. Ya tsuguna ya buɗe gwangwani ya tambaye ni wane suna zai sa. Na duba hagu na duba dama, babu wanda zai faɗa a madadina. Na faɗa a hankali, ya ce bai ji ba. Sai na faɗa da ƙarfi, a tsakar gidan nan, har kaji suka ɗago kai. Ki duba murfin, yana nan da farin fenti. Ki tura akwatin ƙarƙashin gadonki na can, ki bar shi ya zauna.

Allah ya tsare ki a kwance da tsaye, ya tsare ki a hanya da cikin mutane, ya buɗe miki abin da kika je nema, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa. Allah ya dawo mana da ke lokacin hutu, mu je lambu mu uku, ki ga yadda nake gangara.

Allah ya yi miki albarka, Nafisatu.

Innarki.